Daga Korgom zuwa Zoo Road: Wane saun-kad za ka saya wa ƙaninka mai son waƙa?

Cikin saƙonnin da 'yan ci-rani ke samu daga gida a 'yan shekarun nan, akwai sabon roƙo da ya shiga sahun kuɗin taki da na ragon suna: a taimaka a aiko da saun-kad da makirfo. Mai roƙon galibi ƙane ne ko ɗan 'yar'uwa, yana da murya, yana da baitoci cike da littafi, ya kuma gaji da jiran ranar da zai tara kuɗin mota da na situdiyo.

Ga matashin da ke Korgom, a gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, lissafin a fili yake. In yana son a ɗauki waƙarsa yadda za ta iya gogayya da waɗanda yake ji a waya, sai ya nufi Maraɗi ko Damagaram, ko ya ƙetara iyaka ya bi ta Daura ko Katsina ya dangana da Kano, inda situdiyoyin Zoo Road suke. Kuɗin hanya, masauki, abinci, kuɗin mai kiɗa, ga canjin sefa da naira da ba ya zama wuri ɗaya. Tafiya biyu ko uku sun isa su sayi kayan da zai kafa a ɗakinsa.

Sai dai da yawa daga cikin kayan da ake aikowa suna ƙarewa ne a ƙarƙashin gado. Sau da yawa lafiyarsu lau. Abin da ke faruwa shi ne yaro ya sa hedifon a kunne, ya buɗe baki, sai ya ji muryarsa tana biyo shi a baya kamar mai kwaikwayonsa. Ya yi ta ƙoƙari ya hau kiɗa ya kasa. Daga nan sai a ce kayan jabu ne, ko kwamfutar ta tsufa, ko kuma, wanda ya fi zafi, a ce yaron ne bai iya ba.

Ba sabuwar tafiya ba ce

Ƙetara iyaka don ɗaukar waƙa ya daɗe. Mawaƙin Abzinawan nan Mdou Moctar, wanda yau yake cika dandali a Amurka da Turai, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da irin gyaran muryar Auto-Tune da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin sun yaɗu ne daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori, har ɗaya daga ciki ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2011.

A Kano kuwa, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce kan yadda fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyi irin su Iyan-Tama a shekarun 1990 ya sauya kiɗan fim baki ɗaya. Bayan fiyano sai kwamfuta ta zo, da manhajoji irin su Cubase na kamfanin Steinberg da ke Jamus, da FL Studio na kamfanin Image-Line da ke Beljiyam, wadda har yau tsofaffin hannu ke kira da sunanta na da, FruityLoops. Abin da a da sai an cika ɗaki da na'urori, yanzu laftof ɗaya tokumbo yana yinsa.

Amma fiyano yana da wata fa'ida da ba a lura da ita ba sai da aka rabu da shi. Da ka taɓa, sauti ya fito. Kwamfuta ba haka take ba.

Ina jinkirin yake fitowa?

Idan ka yi waƙa a makirfo, saun-kad yana yanka muryar zuwa lambobi, sau 44,100 ko 48,000 a kowace daƙiƙa. Kowane yanka ana kiransa samfur. Kwamfuta ba ta karɓar su ɗaya bayan ɗaya. Tana jira su taru su cika wani mazubi da ake kira bafa, sannan ta ɗauka ta yi aiki a kai, ta zuba a wata bafar ta mayar zuwa kunnenka.

Duk wanda ya taɓa zama a tashar Tasawa yana jiran mota ta cika ya san wannan lamari. Babbar mota ba ta tashi sai kujeru sun cika, tafiya ɗaya ta kwashe kowa, direba bai wahala ba, amma wanda ya fara shiga ya sha zama. Ɗan kabu-kabu kuwa da ka hau ya tayar, sai dai in mutum ɗari zai kai, zirga-zirgar za ta gajiyar da shi. Babbar bafa mota ce, ƙarama kabu-kabu ce.

Ga lissafin a kan 44,100. Bafar samfur 128 tana cika cikin milisakan 2.9, wato ƙasa da kashi uku cikin dubu na daƙiƙa. Ta 256 tana ɗaukar 5.8, ta 512 tana ɗaukar 11.6, ta 1024 kuma 23.2. Wannan zuwa ne kawai. Murya sai ta shiga ta kuma fito, don haka a ninka biyu, a ƙara 'yan milisakan da saun-kad ɗin kansa da wayar USB ke ci. Wanda ya bar bafarsa a 1024 yana jin kansa ne bayan kusan milisakan 50.

Don a gane nauyin wannan adadi, sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa cikin iska, wato kusan santimita 34 a kowane milisakan. Jinkirin milisakan 10 daidai yake da mai kalangu ya tsaya mita uku da rabi daga mawaƙi, abin da ake yi kullum a dandalin biki ba tare da kowa ya damu ba. Jinkirin 50 kuwa kamar a kai shi mita goma sha bakwai ne, can bayan 'yan kallo, a ce ku tafi tare.

Mawaƙi ya fi makaɗi shan wahalar wannan, saboda yana jin muryarsa ta hanya biyu. Ɗaya tana zuwa nan take ta ƙashin kansa, ɗaya ta hedifon. In suka saɓa da ɗan kaɗan, muryar sai ta yi masa kamar daga cikin tulu take fitowa. In suka saɓa da yawa sai harshe ya harɗe. Masu binciken magana sun daɗe da gano cewa idan aka maido wa mutum muryarsa bayan kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, ko mai kaifin baki ne sai ya fara in'ina. Hedifon na Bluetooth kuwa jinkirinsa yakan kai milisakan 100 zuwa 200, wani lokaci ya haura. Don haka komai tsadarsa, ba shi da wuri a ɗakin ɗaukar murya. Mai waya ake nema, wanda ke rufe kunne ruf don kada kiɗa ya tsiyaya cikin makirfo.

Direba ya fi akwati muhimmanci

A kasuwa ido yana kan akwatin: launinsa, yawan ramukansa, fitilunsa. Abin da ke yanke hukunci kuwa ba a ganinsa, wato direba, 'yar manhajar da ke tsakanin akwatin da Windows.

Hanyoyin sauti na asali a Windows, irin su MME da DirectSound, an gina su ne don kallon fim da jin ƙarar saƙo. Sauti yana bi ta matakai da yawa, ana cakuɗa shi da na sauran manhajoji kafin ya fita, kowane mataki kuma da nasa jiran. Wannan ne ya sa Steinberg ya fito da tsarin ASIO a ƙarshen shekarun 1990, wanda ke haɗa manhajar kiɗa da saun-kad kai tsaye, ba shinge a hanya. Har yau shi ne ma'auni a Windows. Masu kwamfutar Apple ba su da wannan ciwon kai, domin tsarinsu na Core Audio yana zuwa ne a shirye, sai dai kuɗinta da wahalar gyaranta a garuruwanmu wani zance ne daban.

To amma ASIO ɗin ma iri-iri ne, kuma a nan ake tafka asara. Akwai wanda kamfanin da ya ƙera saun-kad ya rubuta musamman don akwatinsa. Akwai kuma na aro, irin ASIO4ALL, wanda wani Bajamushe mai suna Michael Tippach ya rubuta yake rabawa kyauta. ASIO4ALL riga ce ake sanya wa direban Windows don ya yi kama da ASIO. Ya ceci dubban matasa da ba su da komai sai ramin hedifon na laftof, kuma ya cancanci yabo a kan haka. Sai dai yakan kame sautin kwamfutar gaba ɗaya, ka buɗe YouTube don ka ji wani kiɗa ka ji shiru, yakan kuma yi gardama in aka matsa bafa ƙasa. FL Studio ASIO, wanda ke zuwa tare da manhajar, yana barin sauran manhajoji su yi sauti, amma jinkirinsa ya fi yawa. Ya yi daidai da haɗa kiɗa, bai yi daidai da ɗaukar murya ba.

Akwai wata illa ta direban aro da ba a cika faɗa ba. Manhajar kiɗa tana tambayar direba yawan jinkirinsa don ta ja muryar da aka ɗauka baya ta zauna daidai kan kiɗa. Direban asali yakan faɗi gaskiya. Na aro yakan yi kuskure, sai a gama ɗauka a ga muryar ta zame daga kiɗan da ɗan kaɗan, a yi ta zargin mawaƙi. Gwajin ba wuya: a haɗa waya daga mafitar saun-kad zuwa mashigarsa, a kunna ƙarar ƙwanƙwasa guda, a ɗauke ta, a duba tazarar da ke tsakanin ta asali da wadda aka ɗauka. In akwai tazara, manhajoji irin su Cubase da Reaper suna da wurin da ake rubuta adadin su gyara da kansu.

Misali ɗaya ya isa ya nuna yadda suna ke ruɗi. Behringer yana da UM2 da UMC22, masu arha, waɗanda suka cika kasuwanni. Waɗannan biyun ba su da direban ASIO nasu, ASIO4ALL ake tura mai su ya sauke. UMC202HD na kamfanin ɗaya, wanda bai fi su kuɗi da yawa ba, yana da nasa direban. A ido 'yan gida ɗaya ne, a aiki akwai rata. Jerin Scarlett na kamfanin Focusrite na Ingila, mai jan akwati, wanda ya fara fitowa a 2011, yana da nasa. Haka UR22 na Steinberg, da AudioBox na PreSonus, da iD4 da EVO 4 na Audient. Kafin ka biya kuɗi a Sabon Gari ko Alaba ko wani shago a Aljeriya, ka buɗe shafin kamfanin a wayarka, ka nemi sunan akwatin daidai da lambarsa, ka ga ko akwai direban ASIO na irin Windows ɗin da ke kan laftof ɗin yaron. In babu, ka ajiye.

Sai kuma akwatin nan mai maɓallai kala-kala da ake kira V8, mai tafi da dariya da amsa-kuwwa. Don hira kai tsaye a TikTok aka yi shi, kuma yana yin wannan aikin. Ba shi da direban ASIO, yawancinsu ba sa ba da wutar 48V da makirfon kondensa na gaske ke buƙata, amsa-kuwwar da ya liƙa wa murya kuma ba ta ciruwa daga baya. Mai shago zai kira shi saun-kad, kuma bai yi ƙarya ba. Kai ne za ka san ba shi aka aike ka ba.

Matsalar Auto-Tune

Kusan duk saun-kad na kirki yana da maɓalli da aka rubuta wa Direct Monitor. In aka danna, murya tana juyawa daga makirfo zuwa hedifon a cikin akwatin, ba ta shiga kwamfuta ba, jinkiri ya zama kamar babu. Ga mai wa'azi, ko mai karanta sanarwa a rediyon karkara, ko mai bege da mandiri, magana ta ƙare a nan. Ko bafa tana 1024 babu ruwansa.

Mawaƙin nanaye kuwa ba ta ƙare masa ba. Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997 don ɓoye kuskuren murya, a waƙar Hausa ta zamani ta zama kayan kiɗa mai zaman kanta. Mawaƙi yana son ya ji ta a kunne lokacin da yake rerawa, domin da ita yake wasa, ya san inda zai karya murya ta yi masa wannan lanƙwasar. Ita kuwa a cikin kwamfuta take zaune. Dole murya ta shiga ta fito. Shi ya sa zancen direba ya fi damun mai waƙar Hausa fiye da mai gurmi ko garaya da zai zauna ya kaɗa abinsa a ɗauka.

Dabarar da masu situdiyo ke bi ita ce raba aiki gida biyu. Lokacin ɗauka, a sauke bafa zuwa 128, ko 256 in kwamfutar ta yi ƙorafi. A juye kiɗan gaba ɗaya ya zama fayil guda, a buɗe sabon aiki da shi kaɗai, don kada kwamfuta ta riƙa kaɗa kayan kiɗa talatin tana kuma sauraron murya. A kashe duk filogin da ke kan babban layin fita, musamman masu ƙara ƙarfin sauti na ƙarshe, domin da yawansu sai sun leƙa gaba kafin su yi aiki, kuma wannan leƙen jinkiri ne da bafa ba ta nunawa. Auto-Tune ɗin kanta tana da saitin ƙaramin jinkiri, a kunna shi. In an gama ɗauka aka zo gyara, a mayar da bafa 1024 a loda duk abin da ake so, tunda babu wanda ke jiran jin kansa.

A kuma kula kada a bar Direct Monitor a kunne alhali manhaja ma tana maido da muryar. Mawaƙi zai ji kansa biyu, ya rantse akwatin ya lalace.

Wuta, zafi da ƙura

Akasarin shawarwarin da ke intanet an rubuta su ne don ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. Yankin Maraɗi da Damagaram kuwa ya daɗe yana dogaro da layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, maƙwabciyar Tasawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, ba a maido ba sai bayan ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Ƙauyuka da yawa kuma ba su ma san an ɗauke ba, don layin NIGELEC bai taɓa isa gare su ba. Saboda haka saun-kad da ke shan wuta ta wayar USB kaɗai ya fi dacewa da wanda ke buƙatar a soka shi a bango. Laftof mai batir lafiyayye da faifan sola sun wadatar.

Sai dai batir yana da nasa sharri. Da an zare caja, Windows yakan rage gudun kwamfuta don tattalin wuta, sai ƙaramar bafa ta fara fitar da ƙarar ƙas-ƙas, alamar kwamfuta ta kasa cika mazubin a kan lokaci. A shiga saitin wuta a zaɓi mafi ƙarfi, a hana Windows kashe ramukan USB, a kashe Wi-Fi da Bluetooth lokacin ɗauka. Akwai manhaja kyauta mai suna LatencyMon da ke nuna wane direba ne a cikin laftof ke tare hanya. In za ka sayi tokumbo don wannan aiki, minti goma da ita a shago sun fi duk rantsuwar mai sayarwa.

In kuma aka soka caja a inbata mai arha ko janareta, wani zuuu yakan shiga cikin murya. Mafi sauƙin magani shi ne a cika batir, a zare caja, a ɗauki murya, sannan a mayar.

Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40 a wannan yanki, yana sa laftof ya rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Aikin da ya tafi sumul da asuba a bafar 128 sai ya ƙi da azahar. Ƙurar hunturu da ta toshe fanka tana ƙara dagula abin. A ɗaga laftof daga kan katifa, a kai a hure fankar, a ɗauki murya da dare ko da sassafe, wanda dama shi ne lokacin da injin niƙa ya yi shiru.

A nan ɗan ƙauye yana da wata riba da ɗan birni ba shi da ita. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ya fi ɗakin siminti da kwano sanyi, ya fi shi tare hayaniyar waje, bangonsa marar santsi kuma ba ya maido da murya da kaifi. A shimfiɗa tabarma, a rataya barguna bayan mawaƙi. Game da makirfo, kowa kondensa yake so don shi ake gani a bidiyo, amma yana jin komai, har kukan akuyar maƙwabta. Dainamik irin Shure SM58 ya fi yafiya a ɗakin da ba a gyara ba, in an dace da na gaske, domin jabunsa sun yi yawa a kasuwa.

Wanda ba shi da laftof fa?

Da yawa da waya za su fara, da BandLab ko FL Studio Mobile. Android ya daɗe yana fama da jinkirin sauti, kuma ko da yake Google ya kawo gyara tun daga Android 8 a 2017, abin ya danganta da kowace waya. Ana iya haɗa saun-kad da waya ta 'yar mahaɗar OTG in wayar tana iya ba shi wuta, a yi amfani da Direct Monitor, a haƙura da jin Auto-Tune sai bayan an ɗauka. BandLab tana da gwajin jinkiri a cikin saitinta wanda ke daidaita murya da kiɗa, kuma ya kamata a yi shi tun kafin baitin farko. Kada a raina waya. A 2020 Sahel Sounds ya fitar da jerin Music from Saharan WhatsApp, waɗanda da waya aka ɗauke su aka tura.

In za a tura murya Kano a yi mata gyara, a fitar da ita a WAV, busasshiya ba amsa-kuwwa, a fara daga farkon kiɗan, a aika ta a matsayin fayil. Saƙon murya na WhatsApp yana matse sauti ya zubar da abin da injiniya ba zai iya maidowa ba.

Ga mai aiko da kaya kuma, akwati shi kaɗai rabin aika ne. A haɗa da wayar makirfo mai baki uku ta XLR guda biyu, don ɗaya za ta mutu, da wayar USB ta ajiya, da 'yar mahaɗar da ke mayar da ƙaramin bakin hedifon babba. A guji tsofaffin akwatuna masu ramin FireWire komai arharsu, domin laftof ɗin yanzu ba su da wannan ramin. A tambayi wane Windows ne a kan kwamfutar, tunda Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma kamfanonin saun-kad su ma a hankali suke janye hannu daga tsofaffin tsari. Sannan a sauke direban tun daga can inda intanet ke da ƙarfi, sabo da wanda ya gabace shi, a zuba a filashi, a ɗaure shi da salatif a jikin kwalin.